Bayan An Farfaɗo: Aikin Nas Wajen Masu Rauni A Ƙwaƙwalwa

Idan aka kawo mutum asibiti bayan haɗarin babur, kansa a fashe, bai san inda yake ba, roƙon 'yan'uwa ɗaya ne: Allah ya sa ya buɗe ido. Ran da ya buɗe kuwa sai murna, har wasu su soma tambayar ranar sallama. Amma mu da muke jinyar irin waɗannan marasa lafiya mun sani cewa a ranar ce babban aikin yake somawa.

Abin Da Ya Sa Raunin Ƙwaƙwalwa Ya Bambanta

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki yake amfani da ita. Kowane sashe nata da aikinsa. Sashen hagu yana mulkin gefen dama na jiki, na dama kuma yana mulkin hagu. A shekarar 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna cewa rauni a wani wuri ta gefen hagu yakan ƙwace wa mutum magana. Kafin nan, a 1848, wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, sandar ƙarfe ta ratsa gaban kansa. Ya rayu, amma waɗanda suka san shi sun ce halinsa ya sake. Ke nan wanda ya karye ƙafa, ƙafarsa ce take ciwo. Wanda ya ji rauni a ƙwaƙwalwa kuwa, abin yakan taɓa tafiyarsa, maganarsa, tunaninsa, har da halinsa.

Yadda Muke Auna Shi

Muna amfani da ma'aunin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a birnin Gilasgo na Birtaniya a 1974. Abu uku muke dubawa: buɗe ido, magana, da motsi. Maki mafi ƙanƙanta 3 ne, mafi yawa 15. Daga 8 zuwa ƙasa rauni ya yi tsanani. Idan makin majinyaci ya soma sauka, ba ma jiran gari ya waye, nan take muke kiran likita, gama mai yiwuwa jini ne yake taruwa a cikin kai.

Aikin Kullum

Wanda ba ya iya juya kansa, mu muke juya shi bayan kowace awa biyu, dare da rana, don kada gyambo ya fito masa a ƙugu da diddige. Muna lanƙwasa masa hannu da ƙafa muna miƙewa, kamar yadda masu gashin ƙashi suka tsara, don kada gaɓoɓin su sandare.

Ciyarwa ma da ƙa'idarta. Da yawa ba su iya haɗiya da kyau, abinci ya bi hanyar iska ya shiga huhu, ya jawo ciwon da zai iya kisa. Saboda haka sai mun zaunar da mutum sosai, mu ba shi kunu mai kauri kaɗan kaɗan, domin tsinkakken ruwa ya fi saurin shaƙe shi. Wanda ba ya iyawa sam, ta robar hanci muke ciyar da shi.

Sa'an nan ga mantuwa. Kowace safiya mukan faɗa masa sunanmu, da ranar da ake ciki, da wurin da yake, ko da mun faɗa jiya.

Abin da ya fi wuya shi ne riƙe hannunmu. Saurayi zai yi minti goma yana kokawa da maɓalli ɗaya, mahaifiyarsa tana hawaye tana miƙa hannu za ta ɓalla masa. Dole mu roƙe ta ta bari. Ƙwaƙwalwa takan buɗe sababbin hanyoyi ta wurin maimaitawa, duk abin da aka yi masa kuwa an rage masa darasi ne. Sauƙi ya fi saurin samuwa a watanni shida na farko, amma yakan ci gaba shekaru. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyali Ma Suna Bukatar Jinya

Mace takan ce mana, mijin da na sani ba ya zagi, wannan kuwa ko yara ba ya ragawa. Mukan zauna da ita mu bayyana mata cewa ba iskoki ba ne, ba kuma raini ba ne. Wurin da yake taka wa fushi birki ne ya ji ciwo. Mukan koya wa iyali abin yi idan farfaɗiya ta kama shi: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin yanka, kada a sa masa cokali a baki. In ta wuce minti biyar, sai asibiti. Ku da kuke zuwa gaisuwa, ku shiga biyu biyu, ku yi magana a hankali, kada kuma ku daina zuwa bayan watan farko.

Gare Ku Ɗalibai

Idan abokinku ya buga kai a filin ƙwallo, ya soma amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi, ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, ku sanar da malami nan da nan. A Janairun 2009, da aka tilasta sa hular kwano a Nijeriya, an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka. Mutane sun yi dariya. A ɗakinmu ba a dariyar wannan.

Mai sha'awar aikin nan, mace ko namiji, ya dage da Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizik, gama su ake nema a makarantar koyon jinya. Amma ya sani ladan ba ya zuwa da sauri. Wata rana dai za ka shiga da safe, mutumin da ya yi wata uku bai san ka ba ya ɗaga kai ya kira sunanka.