MORIS ASHLI, BAƘAR FATAR DA LITTAFI YA MAI DA SHI GWANIN DARA

Jama'a, kowa ya san dara a ƙasar Adar. Daga Tawa har Barmu da Kalfu, in an gama aikin gona, maza sukan zauna ƙarƙashin icce su haƙa gurbi 30 a ƙasa. Wannan ya ɗauki kara 12, wancan ya ɗauki tsakuwa 12. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya na abokin wasansa.

Akwai wata dara da ake yi ko'ina a duniya. Faransawa na ce mata eshek, Ingilishi na ce mata ces. Asalinta daga Indiya ne, wajen shekara 1500 da suka wuce. Larabawa ne suka kai ta ƙasar Turai. Allonta na da gida 64. Kowane ɗan wasa na da ƴaƴa 16, cikinsu akwai sarki da dawaki 2 da dakaru 8. Wanda ya tsare sarkin abokin gaba, ya hana shi hanyar gudu, shi ya ci wasa.

Wane ne Moris Ashli?

An haife shi a tsibirin Jamaika a shekara ta 1966. Yana ƙarami uwarsa ta tafi Amurka neman abinci, kamar yadda samarin Adar ke tafiya Abijan. Kakarsa ce ta riƙe shi. Sai da ya kai shekara 12 sannan ya iske uwarsa a birnin Niyok, unguwar Burukilin.

Yana ɗan makaranta wani abokinsa ya cinye shi da wannan dara. Abin ya yi masa zafi. Ya shiga ɗakin littattafai, ya samu littafin da ke koya wasan, ya karance shi. Ya koma wajen abokin, abokin ya sake cinye shi. Dalili kuwa, abokin ya riga shi karanta wannan littafi, har da waɗansu. Nan Moris ya gane cewa wanda ya fi karatu shi ke cin wasa.

Yaya littafi ke koya dara? Kowane gida na allon yana da suna, harafi ɗaya da lamba ɗaya. Saboda haka ana rubuta kowane motsi a takarda. Mai karatu na iya bin wasan gwanin da ya rasu tun shekara 100, ya ga inda ya yi dabara da inda ya yi kure.

Hanyar ba ta yi sauƙi ba. Ko cikin ƙungiyar wasan makarantarsu ba a ɗauke shi ba. Bai fasa ba. Ya yi ta karawa da manya a filin shan iska na unguwa. A 1993 ya samu matsayin gwani na duniya. A 1999 ya kai matsayin babban gwani, wanda babu na sama da shi sai zakaran duniya. Shi ne baƙar fata na farko da ya taka wannan matsayi. A 2009 Amon Simutowe na ƙasar Zambiya ya bi sahunsa.

Moris bai ɓoye iliminsa ba. Ya koya wa yaran talakawa na unguwar Harlem. A 1991 waɗannan yara suka zo na ɗaya a gasar makarantu ta Amurka duka.

Dararmu ma tana da gwanaye. Amma in tsoho ya rasu, dabarunsa sun tafi da shi, don ba a rubuta ba. Masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci na iya gyara wannan. Ku ba kowane gurbi lamba, daga 1 zuwa 30. Ku zauna kusa da gwanin garinku, ku rubuta wasansa cikin littafi, ku karanta wa yara.