SAYEN GIDA: A ZAGA TARE DA MAGINI

Bayan kaka, in manomi ya sayar da wake ko albasa, ko makiyayi ya kai bijimi kasuwa, wasu sukan nemi gida a Maradi, Damagaram ko Tawa. Dillali ya nuna, a yi ciniki a zaure, a biya. Sai damina ta faɗi, sannan mutum ya san abin da ya saya.

A Amurka akwai masu sana'ar duba gida kafin a saye shi. A nan, tsofaffin magina ne suka iya wannan aiki, kuma ladansu bai kai kuɗin gyaran ɗaki guda ba.

Abin da ke ba magini wuya shi ne kunyar mai saye. Yakan zo fuska a ɗaure, yana tsoron abin da za a gano, yana kuma jin nauyin mai gida. Wani ma a ƙofa yake tsayawa, ya ce magini ya shiga shi kaɗai. Magini mai hankali ba ya yarda. Yakan yi sallama, a gaisa, a nemi izini saboda matan gida. Ya fara nuna abin kirki: faɗin tsakar gida, inuwar dogon yaro, wurin ɗaure tumaki. In akwai hali, uwargida ma ta zo, don ita za ta san ko madafa da rijiya sun yi.

Da hira ta yi daɗi, sai ya miƙa wa mai saye sanda, ya ce ya ƙwanƙwasa azara da kansa. Azarar giginya mai ƙwari tana amsawa da ƙarfi. Wadda gara ta ci kuwa, sai ka ji kamar an buga ƙwarya. A nan ne mai saye ke sakin fuska, har ya shiga neman hanyar gara a jikin bango, ba wanda ya sa shi. Daga nan a hau soro. A duba indararo ko ya toshe, a duba inda ruwa ke kwanciya. Ciyawa bisa soro alama ce an daɗe ba a yi yaɓe ba.

Tsaga iri biyu ce. Siririya ta bisa yaɓe, gyaran yini guda ce. Amma wadda hannu ke shiga, ta taso daga tushe har sama, wannan ta kuɗi ce, sai a rage ta cikin ciniki. Ba abin faɗa ba ne, mai gida ma ya san da ita. Gindin bango kuma a taɓa shi da hannu: in ƙasa tana zuba kamar gari, ruwa yana cin sa.

Ruwa ne babban abokin gaban gidan ƙasa. A 1945 ambaliyar Gulbi ta ci tsohon garin Maradi, dole aka koma tudu. Ran 3 ga Satumba 2024, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Don haka magini yakan fita da mai saye kwararo, su gaida maƙwabta, su tambayi inda ruwa ke bi. Tsohuwar unguwa ta fi dillali sanin wannan. Wanda zai iya haƙuri, ya koma ya ga gidan tsakiyar damina, wanshekaren ruwa.

Saura takarda. A birni, a kai ta ma'aikatar magajin gari a tabbata sunan mai sayarwa ne a kanta. A karkara, dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, suna ba da takardar saye. In gidan gado ne, a ji bakin magada duka, maza da mata, gaban mai unguwa da shaidu, kafin kuɗi su fita daga aljihu.