Me ake nufi da shugabancin ƙwaƙƙwafi a wurin aiki?

Shugabancin ƙwaƙƙwafi shi ne inda oga ba ya barin ma'aikaci ya yanke ko da ƙaramar shawara. Wasiƙa sai ya duba, fita sai da izini, rahoto kuwa kullum. Galibi a irin wannan wuri ƙarin girma yana tafiyar hawainiya, domin wanda ba a sakar masa aiki ba, ba shi da abin nunawa ranar tantancewa.

Abin da ke riƙe mutane a irin wannan wuri shi ne tagomashin aikin: inshorar lafiya, kuɗin haya da fansho. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ba da aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba 8. Sai dai asusun na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma, don haka fansho bai isa dalilin zama ba. Inshorar da kamfani ke biya kuwa takan tsaya idan ma'aikaci ya ajiye aiki.

Magidanci mai majinyaci a gida yana da hujjar haƙuri. Matashi ne ya fi cutuwa, domin shekarunsa na koyon aiki ne ke zurarewa.