Wuta a Neja Delta, hayaƙin kara a Fakuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai a Kankiya da tsakar ranar watan Afrilu, daidai lokacin da tanka ke sauke fetur, ya san warin da ke dukan hanci tun daga nesa. In ya ɗaga kai ya dubi siraran bututun nan dogaye da ake kafawa a bayan gidan mai, zai ga iskar da ke samansu tana rawa. Fetur ne yake tafiyarsa. Tankar da ta ɗauko lita 33,000, in ta juye kayanta cikin tankin ƙarƙashin ƙasa, sai man ya koro iskar da ya tarar a ciki, ita ma lita 33,000, kuma iskar ta sha tururin fetur ta ƙoshi. Lissafin hukumar kare muhalli ta Amurka ya nuna ana rasa tsakanin lita ɗaya da biyu cikin kowace dubu ta wannan hanya. A saukewa guda ke nan, abin da zai cika jarka biyu yana iya salwanta ba tare da ko ɗigo ya taɓa ƙasa ba.

Maganin wannan asara tiyo ne na biyu. Ɗaya yana kai mai cikin tanki, ɗayan yana mayar da tururin da aka koro zuwa cikin tankar da ke zama fanko. Direba ya koma da shi defo, a can a sanyaya shi ko a tace shi da gawayi na musamman, ya sake zama fetur. Tarayyar Turai ta wajabta wannan tun 1994, a 2009 kuma ta ƙara da cewa famfon da ke zuba wa motoci mai shi ma sai ya riƙa zuƙe tururin da ke fitowa daga tankin mota. A gidajen man da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina da wuya mutum ya ci karo da wannan tiyon, balle wurin 'yan bumburutu da ke jera galan da kwalabe a rana.

Batun ya wuce asarar kuɗi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake bi yana malala, kuma shi ne ke kamawa da wuta kafin ruwan man. A ranar 15 ga Oktoban 2024 tanka ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. A cikin tururin akwai kuma sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Yaron da ke riƙe da famfo daga safe zuwa dare shi ya fi kowa kwasa.

Abin da ke faruwa a gidan mai ɗan tsakure ne na abin da ke faruwa a rijiyoyin mai. Ɗanyen mai ba ya fitowa shi kaɗai. A can ƙarƙashin ƙasa nauyin duwatsu ya danne shi, iskar gas ta narke a cikinsa, yana isowa sama dannin ya saki, sai gas ya rabu da shi ya tashi. Ana raba su a manyan tukwanen ƙarfe, mataki-mataki, a tura man zuwa tankunan ajiya. Ko a tankin ma bai daina numfashi ba: rana ta gasa ƙarfe, sauran gas ɗin da ya maƙale ya taru a ƙarƙashin murfi, ya nemi hanyar fita. Wannan tururin na tanki shi ya fi daraja, domin yana ɗauke da furofan da butan, wato ainihin abin da ake ɗura wa tukunyar gas ta girki.

Na'urar kama tururi ba ta da wani sihiri. Akwai bututu daga saman tanki, akwai ma'auni da ke jin ƙarfin iskar da ta taru. Da ta kai wani mizani sai injin ya tashi da kansa ya fara zuƙa. Tururin ya fara bi ta wata tukunya inda ruwa da ɗigon mai ke zama a ƙasa, don in ruwa ya shiga injin ya lalata shi. Daga nan a matse shi, a sanyaya, abin da ya koma ruwa a mayar da shi tanki, wanda ya rage a matsayin iska a tura shi bututu. In ƙarfin ya sauka injin ya tsaya, saboda in ya ci gaba da zuƙa zai jawo iskar waje cikin tanki, ko ma ya lotsa tankin. Na'urar da ake kula da ita yadda ya kamata tana kama kusan kashi 95 cikin 100 na abin da zai tsere.

Zuciyar aikin duka ita ce injin matsa iska, kuma kowa a Kankiya da Kusada ya san ƙanensa: injin mai faci, wanda ke tara iska a tulun ƙarfe kafin a busa wa taya. Bambancin yana wurin ƙarfi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar ma'aunin matsi da ake kira ba (bar) biyu da 'yan kai. Babban bututun gas yana neman wajen ba 70 zuwa 100, gas ɗin mota da ake kira CNG kuwa sai an kai shi ba 200, kusan ninki ɗari na tayar. Iska in an matse ta zafi take yi, don haka ba a yi mata matsa ɗaya. Ana matsawa, a sanyaya, a sake matsawa, sau uku ko huɗu. Gas ɗin da ya fito tare da ɗanyen mai ba shi da ƙarfin da zai tura kansa cikin bututu. In babu injin da zai ɗaga shi, biyu ce ta rage wa kamfani: ya sake shi cikin iska, ko ya cinna masa wuta.

Najeriya ta zaɓi wuta. Tun bayan da aka samu mai a Oloibiri a 1956, harsunan wuta suke ci dare da rana a Neja Delta, wasu a kan dogayen ƙarafa, wasu a kwance cikin rami dab da gonaki. A kewayen Ughelli ta jihar Delta mata kan shimfiɗa rogon da suka sarrafa a faifai kusa da wutar don ya bushe da wuri, zafi na dukan fuskokinsu, toka na sauka a kan abincin. Mazauna wuraren suna kukan kwanon rufi da ke saurin cin tsatsa, da tari, da daren da ba ya yin duhu.

Doka kuwa an yi ta tun da daɗewa. A 1979 aka kafa dokar mayar da gas cikin ƙasa, wadda ta ce daga 1 ga Janairun 1984 ba mai ƙona gas sai da izinin minista. Izinin ya zama ruwan dare, tarar kuma ba ta kai ta kawo ba. A Nuwamban 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan, ta yanke cewa ƙona gas a garinsu take haƙƙin rayuwa ne. Wutar ba ta mutu ba. An sa wa'adin 2008, an sa na 2020, yanzu ana maganar 2030, shekarar da Bankin Duniya ya tsayar a shirinsa na 2015. Ƙa'idojin 2018 sun ɗaga tara zuwa dala 2 kan kowace ƙafa kubik dubu ga kamfanin da ke haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, da rabin dala ga ƙanana. A 2023 hukumar kula da haƙar mai ta NUPRC ta zaɓi kamfanoni 42 da za su karɓi gas daga wurare 49 da ake ƙonawa su mayar da shi kuɗi.

A yi adalci, an samu ragi mai yawa. Kamfanin gas na NLNG da ke tsibirin Bonny, wanda ya fara fitar da kaya a 1999, ya samar wa gas kasuwa, kuma abin da ake ƙonawa yau bai kai rabin na farkon shekarun 2000 ba. Duk da haka alƙaluman Bankin Duniya, waɗanda ake tattarawa ta tauraron ɗan'adam, suna nuna Najeriya na babbake tsakanin mita kubik biliyan 5 da 7 a shekara, tana cikin ƙasashe goma na gaba a duniya. Duniya baki ɗaya ta ƙona wajen biliyan 148 a 2023.

Mai karatu zai iya cewa ai gara a ƙona da a saki, kuma gaskiyarsa. Mafi yawan gas ɗin metan ne, wanda a tsawon shekara 20 yake riƙe zafi fiye da iskar kabon sau 80 da ɗoriya, ƙonawa kuwa tana mayar da shi kabon. Sai dai wutar ba ta cinye komai. An daɗe ana ɗauka tana lashe kashi 98, sai wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, bayan an auna filayen mai na Amurka daga jirgin sama, ya gano abin bai wuce kashi 91 ba, saboda wasu wutatan iska ta kashe su ba wanda ya lura, wasu kuma ba sa ci da kyau. Najeriya na cikin ƙasashen da suka sa hannu a Glasgow a 2021 kan rage metan na duniya da kashi 30 kafin 2030.

To ina ruwan Fakuwa da duk wannan? A nan, kamar sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada, murhu duwatsu uku ne, makamashi kuma karan dawa da na gero da aka tara bayan kaka. Kafin bazara ta yi nisa karan ya ƙare, ko an raba shi da dabbobi da danni, sai a koma sayen itace da gawayi, ko yara su fita tsintar ƙirare. Matar da ke tuƙa tuwo a madafa mai ƙaramar taga tana shan hayaƙi, goyon da ke bayanta ma yana sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 a shekara. Kowace bishiyar da aka sare kuma ƙofa ce aka buɗe wa iska ta kwashe ƙasar gona. Furofan da butan ɗin da ke tashi daga saman tankunan kudu su ne za su iya maye gurbin wannan itacen. Nijar ta gwada hakan: tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gwamnati take ƙarfafa girki da gas ɗin da matatar ke fitarwa don a sassauta wa itatuwa.

Akwai wata alaƙar da manomi bai cika sani ba. Buhun takin yuriya da yake saya da damina, gas ne aka mayar ƙwaya. Daga metan ake ciro sinadarin da ake haɗawa da iska a yi takin, a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2022. Gas ɗin da ya ƙone a rami a Delta taki ne da bai iso gonar masara ba.

Amma kada a yi wa mutanen Fakuwa romon baka. Kama gas a kudu ba ya nufin tukunya za ta yi araha a Kankiya gobe. NLNG ta ce tun 2022 duk gas ɗin girkin da take samarwa a gida take sayarwa, amma farashin dala yake bi, kuma da naira ta faɗi bayan Yunin 2023 gidaje da yawa a birane ma suka ajiye tukunya suka koma gawayi. Ga kuɗin sayen tukunyar kanta da kan murhun, ga kuɗin mota zuwa wurin ɗuri.

Babban fatan arewa shi ne bututun AKK, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna ya tuƙe a Kano. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a ƙarshen Yunin 2020 kan kuɗi kusan dala biliyan 2.8, da alƙawarin shekara biyu. Sai a tsakiyar 2025 kamfanin NNPC ya sanar cewa an tsallaka da bututun ta ƙarƙashin kogin Neja. Shi ne kuma ake son ya zama zangon farko na bututun da zai ratsa Nijar ya kai Aljeriya, mafarkin da ya fi shekara ashirin a kan takarda. Abin da zai ɗauko metan ne, na tashoshin lantarki da masana'antu da motoci, ba gas ɗin tukunyar girki ba, domin metan ba ya zama ruwa da matsi kaɗai, sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri.

Injinan da za su tura gas cikin bututun su ma masu yoyo ne in an yi sakaci. Robobin da ke toshe mahaɗa suna cinyewa, kuma duk lokacin da za a yi gyara akan saki gas ɗin da ke ciki. Ido ba ya ganin metan, hanci ma ba ya jinsa sai an zuba masa sinadarin wari, shi ya sa ƙa'idojin da NUPRC ta fitar a 2022 suka ɗora wa kamfanoni nauyin bin kayansu lokaci-lokaci suna neman yoyo suna toshewa. Akan yi wannan da kyamara ta musamman, wadda a cikinta gas ke bayyana kamar baƙin hayaƙi. Wanda zai tabbatar an yi binciken a tashar da ke tsakiyar daji, wannan wata magana ce.

Bututun AKK a Kano zai tsaya. Daga nan zuwa Kankiya, ta Bichi da Tsanyawa, sai dai a sake matse gas ɗin zuwa ba 200 ko fiye, a ɗura cikin dogayen silinda, a ɗora wa tirela. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin tarayya take kiran direbobi su mayar da motocinsu masu amfani da CNG, kuma direban da ke jigila tsakanin Kano da Katsina zai so hakan in ya tabbata zai samu wurin sha a hanya. Kowace tashar da za a kafa tana buƙatar nata injin matsi, da makanikin da ya iya shi, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa a tsakiyar ɗuri.