Yadda ake gane fim ya ci kasuwa ko ya yi kwantai: abin da ya kamata ku sani

A tsakiyar shekarar 2023, fim ɗin Indiana Jones na biyar ya tara kusan dala miliyan 384 a gidajen sinima na duniya, amma aka ce asara ya jawo wa kamfanin Disney. A daidai wannan lokaci wani ƙaramin fim mai suna Sound of Freedom ya tara kusan dala miliyan 250, aka kuma sa shi cikin finafinan da suka fi kowa cin kasuwa a shekarar. Ga wanda ya fi kawo kuɗi an ce ya faɗi, ga wanda bai kai shi ba ana yi masa kirari. Idan abin ya ɗaure muku kai, ba laifinku ba ne. Jerin da ake fitarwa duk ƙarshen wata na finafinan da suka yi zarra rabin labari kawai yake bayarwa.

Wane kuɗi ne ake ƙirgawa?

Kuɗin tikiti ne kawai, wato abin da masu kallo suka biya a ƙofar sinima kafin su shiga. Shi Turawa ke kira box office, sunan ɗan ɗakin nan da ake sayar da tikiti a cikinsa. Kuɗin gugguru da lemo ba ya ciki. Abin da Netflix ko gidan talabijin za su biya daga baya shi ma ba ya ciki.

A lissafin Hollywood ana raba kuɗin gida biyu. Akwai na cikin gida, wanda ya haɗa Amurka da Kanada, sai na ƙasashen waje, wato sauran duniya baki ɗaya. Idan an haɗa su ne ake cewa fim ya tara kaza a duniya. Ku riƙa duba wanne ake nufi, domin mai talla yakan ɗauki wanda ya fi daɗin faɗa.

Wa ke ƙirgawa?

Wani kamfani mai suna Comscore yana karɓar adadin tikitin da aka sayar kai tsaye daga gidajen sinima. Shafuka irin su Box Office Mojo da The Numbers kuma suna jera alƙaluman kowa ya gani kyauta. Yawanci ranar Juma'a ake sakin sabon fim a Amurka. Ranar Lahadi da safe kamfanoni kan fitar da ƙiyasin cinikin kwana uku, alhali ba a ma gama sayar da tikitin Lahadin ba, sai Litinin a sami adadi na haƙiƙa. A Najeriya ƙungiyar masu gidajen sinima, CEAN, ita ke fitar da irin waɗannan alƙaluma.

Me ya sa lissafin wata-wata ke ruɗarwa?

Saboda fim bai san da kalanda ba. Ku ɗauki Yulin 2023. An saki Indiana Jones ranar 30 ga Yuni, don haka kwana ɗaya tak ya yi a watan da aka sake shi, kusan duk cinikinsa ya faɗo cikin Yuli. Barbie da Oppenheimer kuwa sun fito rana ɗaya, 21 ga Yuli, kwana 11 kacal suka samu a watan. Duk da haka Barbie ya zo na ɗaya a Amurka a wannan wata, domin a kwana ukun farko kaɗai ya kawo dala miliyan 162, Oppenheimer kuma miliyan 82.

Shi ya sa ake da jeri iri biyu. Na farko yana ƙirga duk abin da aka sayar daga ɗaya ga wata zuwa ƙarshensa, ko da fim ɗin tun watan jiya yake kan allo. Na biyu yana ɗaukar finafinan da aka saki a watan ne kawai, ya ɗora musu duk abin da suka tara har ranar da aka sauke su. Wata guda, jeri biyu, kuma ba lallai su yi zakara ɗaya ba. Kafin ku yi musu da wani a majalisa, ku fara tambayarsa wanne ya karanta.

Nawa fim zai kawo kafin ya mayar da uwar kuɗi?

Nan ne gizo ke saƙar. Duk ɗan kasuwa ya san ciniki daban, riba daban. Mai shagon da ya sayar da kayan miliyan guda a yini ba miliyan ya samu ba, sai ya cire kuɗin saro kaya da haya da haƙƙin yaran shago. Adadin da kuke gani a kanun labarai ciniki ne.

Da farko, gidan sinima na da kasonsa. A Amurka, idan aka yi ƙiyasi sama-sama, kusan rabi ne ke komawa wa kamfanin da ya yi fim ɗin. A ƙasashen waje abin da ke dawowa bai kai rabi ba, yakan tsaya wajen kashi 40 cikin 100. A China kuwa finafinan Hollywood kusan kashi 25 kawai suke samu. Wato dalar da aka samu a birnin New York ta fi wadda aka samu a Shanghai auki a aljihun mai fim, ko da yake a jerin duk dala ɗaya aka rubuta.

Na biyu, kuɗin da ake cewa an kashe wa fim na haɗa shi ne kawai: 'yan wasa, ma'aikata, kayan aiki, dabarun kwamfuta. Talla ba ta ciki. Babban fim na iya cinye dala miliyan 100 ko fiye a tallan talabijin da allunan titi da intanet da yawon kai taurari gari-gari. Kamfanoni ba su cika son bayyana wannan ba, kuma ko kuɗin haɗa fim ɗin da ake bugawa galibi ƙiyasin 'yan jarida ne.

Daga nan masu bin harkar suka fitar da wani ma'auni mai sauƙi: fim na bukatar ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na kuɗin haɗa shi kafin a ce an fita kunya. Ma'aunin ba doka ba ne, amma yana hana mutum ruɗuwa.

To, ku gwada shi a kan misalan da muka fara da su. An ruwaito cewa Indiana Jones ya ci kusan dala miliyan 300 wajen haɗawa. Ya tara miliyan 384. Ku cire kason sinima, abin da ya rage bai kai miliyan 200 ba, ga kuma kuɗin talla na jira. Sound of Freedom kuwa bai kai dala miliyan 15 ba aka yi shi. A cikin Amurka da Kanada ma ya ɗan zarce Indiana Jones, ya kuma zarce Mission: Impossible na Tom Cruise da ya fito a Yulin 2023. Oppenheimer, fim na awa uku a kan masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bom ɗin nukiliya, an yi shi a kan dala miliyan 100, ya tara sama da miliyan 950. Barbie ya wuce biliyan 1.4.

Wanda ya fi ba da mamaki a wannan fanni shi ne Paranormal Activity, fim ɗin ban tsoro da aka ɗauka a gida ɗaya da kusan dala 15,000, ya tara sama da miliyan 190 bayan an sake shi a 2009. Wannan ne dalilin da ya sa Hollywood ba ta gajiya da finafinan ban tsoro: jarin kaɗan ne, in an faɗi ba a karye ba.

Makon farko ya isa a yanke hukunci?

Sau da yawa ya isa, amma ba kullum ba. Cinikin makon farko aikin talla ne. Na mako na biyu kuwa aikin bakin mutane ne, abin da waɗanda suka kalla suka je suka gaya wa 'yan'uwa da abokai. Idan cinikin babban fim ya ragu da rabi a mako na biyu, ba a ɗaga hankali. Idan ya ragu da kashi 70, to akwai matsala. The Flash ya yi irin wannan faɗuwa a Yunin 2023. Joker na biyu, a 2024, ya zube da sama da kashi 80, ya ƙare da ɗan abin da ya haura dala miliyan 200, alhali na farkon ya wuce biliyan guda a 2019.

Akwai kuma masu tafiyar hawainiya. Elemental, fim ɗin zane na kamfanin Pixar, ya buɗe da ƙasa da dala miliyan 30 a Amurka a Yunin 2023, jaridu har sun gama yi masa jana'iza. Iyaye suka ci gaba da kai 'ya'yansu mako bayan mako, ya ƙare da kusan miliyan 500 a duniya. Titanic ma a 1997 bai kai miliyan 30 ba a buɗewarsa, amma ya yi mako 15 a jere yana na ɗaya. Wanda ya duba jerin Disamban 1997 kaɗai ba zai taɓa tsammanin abin da ke tafe ba.

Duk watanni ɗaya suke?

A'a, harkar na da kakarta. A Amurka babbar kaka daga farkon Mayu take zuwa farkon Satumba, lokacin da 'yan makaranta ke hutu. Fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, wanda ya fito a Yunin 1975, shi ake dangantawa da kafa wannan al'ada. Kaka ta biyu daga ƙarshen Nuwamba ce zuwa sabuwar shekara. Janairu da ƙarshen Agusta kuwa an daɗe ana kallonsu a matsayin lokacin zubar da finafinan da kamfani bai da tabbas a kansu. Saboda haka zakaran Janairu na iya zama na biyar ko na shida da a Yuli ya fito. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a gwada wata da takwaransa na bara, Yuli da Yuli, Janairu da Janairu.

Amma al'ada takan karye. Black Panther ya fito a Fabrairun 2018, ya kawo sama da dala miliyan 200 a kwana uku.

Masu son finafinan Indiya sun san nasu lissafin. Can bukukuwa ne ke jan kasuwa: Diwali, ranar 'yancin kai, da ƙaramar Sallah, wadda Salman Khan ya mayar tamkar tasa da finafinai irin su Bajrangi Bhaijaan a 2015 da Sultan a 2016. Suna ƙirgawa da crore, wato rupi miliyan 10. A 2023 biyu daga cikin finafinan Shah Rukh Khan, Pathaan da Jawan, kowanne ya wuce crore 1,000 a duniya. A Najeriya kuwa Disamba ce sarauniya. A cikinta Funke Akindele ta saki A Tribe Called Judah a 2023, wanda ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan guda a sinima. Finafinan Hausa kuwa ba a cika ganinsu a irin wannan jeri ba, domin kasuwarsu ta fi karkata ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da talabijin, inda yawan masu kallo da kuɗin talla ne ma'auni.

Yawan kuɗi na nufin yawan masu kallo?

Ba lallai ba. Farashin tikiti na hawa shekara bayan shekara, kuma na manyan allunan IMAX ya fi tsada. Avatar na 2009 ne ke kan gaba a tarihi da kusan dala biliyan 2.9, amma idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, Gone with the Wind na 1939 ake ba kambun. Faransa da Koriya ta Kudu sun fi ba da muhimmanci ga adadin mutanen da suka shiga, kuma a ganina tasu hanyar ta fi gaskiya.

Wa asarar ke shafa?

Babban tauraro ya riga ya karɓi kuɗinsa, sai dai farashinsa ya sauka a fim na gaba. Waɗanda ke ji a jikinsu su ne masu jari da shugabannin kamfani. A 2012 Disney ya sanar da cewa zai yi asarar kusan dala miliyan 200 a kan John Carter, kuma ba a yi wata biyu ba shugaban sashen finafinansa, Rich Ross, ya ajiye aiki. Heaven's Gate na 1980 ya ci dala miliyan 44, bai kawo ko miliyan 4 ba, a shekarar da ta biyo baya aka sayar da kamfanin da ya yi shi, United Artists, ga MGM.

Gidajen sinima ma suna shan wuya idan wata ya zo babu fim mai jan jama'a, domin ribarsu ta fi yawa a gugguru da lemo, kuma kujerar da babu kowa ba ta sayen komai. Ku ma masu kallo abin na zuwa kanku ta bayan gida. Idan sabon labari ya faɗi, kamfanoni sai su ƙara rungumar abin da suka saba, shi ya sa kuke ta ganin kashi na biyu da na uku da na bakwai.

Fim ɗin da ya yi kwantai ya mutu ke nan?

Ba dole ba. Bayan sinima akwai haya da saye ta intanet, akwai talabijin, akwai jiragen sama, akwai kayan wasan yara. The Shawshank Redemption ya tara dala miliyan 16 kacal a fitowarsa ta farko a 1994, ƙasa da miliyan 25 da aka kashe masa. Kaset ɗin bidiyo da maimaitawa a talabijin suka raya shi, yau yana saman jerin finafinan da masu kallo suka fi yabo a shafin IMDb.

Akasin haka ma na faruwa, ta hanyar da ba za ku zata ba. Harry Potter na biyar ya tara sama da dala miliyan 900, amma wata takardar lissafi ta kamfanin Warner Bros. da ta fito fili a 2010 ta nuna wai an yi asarar miliyan 167. Dabarar ita ce kamfani ya caji fim ɗinsa kuɗin rarrabawa da na talla da kuɗin ruwa, har ribar ta ɓace a takarda, marubuci ko ɗan wasan da aka yi wa alkawarin kaso daga riba ya tashi a tutar babu. Shi ya sa taurarin da ke da ƙarfin faɗa a ji ke neman a yanka musu kasonsu daga cinikin tikiti kai tsaye.