Abin da Ke Rage wa Faifan Kwamfuta Sauri

Kasuwar Computer Village da ke Ikeja ba ta da nisa da Agege, kuma daga kasuwar ne da yawa daga kwamfutocin tokumbo ke shigowa unguwannin Hausawa, inda matasa ke amfani da su wajen tura wa jama'a fina-finai da karatun malamai a waya. Ga mai irin wannan sana'a jinkiri asara ne, sai dai sau da yawa akan ɗora wa faifan ajiya laifin da ba nasa ba.

Faifai mai juyawa sau 5,400 a minti yakan kwashe kimanin megabait 100 a daƙiƙa, alhali SSD, wato faifan da babu abin da ke motsi a cikinsa, yana iya kaiwa 550 idan an haɗa shi da mahaɗar SATA ta uku wadda ta fito a 2009. In kuwa tsohuwar kwamfuta ce mai SATA ta biyu, ba zai wuce 300 ba komai tsadarsa, kamar yadda kafar USB 2.0 da ƙyar take haura megabait 35.

Inda aka fi yin sakaci shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke isar da umarnin Windows ga mai sarrafa faifai, guntun da ke tsara shige da ficen bayanai. Kamfanin Intel ya fitar da tsarin AHCI a 2004, wanda ke ba faifai damar karɓar umarni har 32 a jere ya zaɓi yadda zai bi su, amma da yake Windows XP bai zo da direbansa ba, masu gyara sun saba mayar da saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, kan tsohon tsarin IDE, wanda ke ɗaukar umarni ɗaya bayan ɗaya. Har yau akan ci karo da kwamfutocin da aka bari a haka, kuma abin takaici ne mai ƙaramin jari ya sayi sabon faifai alhali saiti ne ya daƙile na hannunsa. Gyaran ma yana buƙatar hattara, domin wanda ya sauya saitin ba tare da ya fara kunna direban AHCI a cikin Windows ba, kwamfutarsa na iya ƙin tashi, ta tsaya a kan shuɗin allo.