Idan Dusar Ƙanƙara Ta Riƙe Ƙafa: Ciwon Gwiwar da Ke Raba Karnukan Farauta da Daji

A dazuzzukan arewacin Suwidin da Norwe da Finlan, maharbi ba ya shiga daji shi kaɗai. Karensa ne ke gaba, sanye da abin wuya mai na'urar nuna wuri, shi kuwa yana biye da shi ta fuskar waya. Karen Jämthund, wanda nauyinsa ke kai kimanin kilo 30, aikinsa shi ne ya gano mus, wato wani ƙaton naman daji dangin barewa da namijinsa kan haura kilo 400, ya tsare shi da haushi har ubangidansa ya iso. Ana buɗe wannan farauta a watan Satumba a arewacin Suwidin, a kudu kuma sai Oktoba. Farautar zomo a Norwe kuwa tana kaiwa har ƙarshen Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta riga ta binne duwatsu da kututture da ramuka, ƙasa ta koma fara fat kamar an shimfiɗa likkafani.

A irin wannan lokaci ne maharbi kan ga karensa ya fito daga cikin itatuwa yana tafiya da ƙafa uku, ya ɗage ta baya guda, ko kuma yana ɗan taɓa ƙasa da ita kamar mai taka garwashi. Babu jini, babu karaya. Sau da yawa abin da ya faru yana can cikin gwiwa, inda wata gajeriyar jijiya ta tsinke.

Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan jijiya ko da ba su san sunanta ba. Ita ce ta kwantar da Virgil van Dijk na Liverpool a watan Oktoba na 2020, ita ce kuma ta raba Rodri na Manchester City da fili a watan Satumba na 2024. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, suna ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Ta gaban ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba, tana hana shi murɗewa ciki, tana kuma hana gwiwar miƙewa fiye da kima. Kare ma yana da ita, sai dai tasa ta fi shan wahala. Mutum idan ya tsaya gwiwarsa a miƙe take, kuma saman ƙashin ƙwaurinsa kusan a shimfiɗe yake. Kare kuwa ko a tsaye yake gwiwarsa a lanƙwashe take, saman ƙwaurinsa kuma gangare ne, mai karkata da ta kan wuce digiri 20. Duk takun da ya yi, ƙashin cinya yana neman gangarawa baya, ƙwauri yana neman sulɓewa gaba, jijiyar nan ce kaɗai ke ja musu birki. Ba ta hutawa sai ya kwanta.

Wannan ne ya sa likitocin dabbobi ke bambanta ciwon kare da na ɗan ƙwallo. A wajen mutum, galibi lafiyayyar jijiya ce ke tsinkewa farat ɗaya sakamakon mummunar murɗewa. A wajen kare, mafi yawan lokuta jijiyar ta daɗe tana lalacewa, zare bayan zare, tsawon watanni ko shekaru, kamar igiyar guga da ke cinyewa a bakin rijiya. Ranar da ta katse, maigidan kan ɗora laifin a kan tsallen da kare ya yi a ranar, alhali tsallen ƙarasawa kawai ya yi. Saboda matsalar ta jikin karen ce gaba ɗaya, kaso mai yawa na karnukan da suka tsinke jijiya ɗaya, wajen rabinsu a wasu bincike, kan tsinke ta ɗaya ƙafar cikin shekara ɗaya ko biyu.

To ina dusar ƙanƙara ta shigo? Ba kowace iri ce ke da haɗari ɗaya ba. Sabuwar dusa mai laushi, wadda ke watsewa kamar gari, gajiyarwa take yi. Idan ta kai ƙirjin kare, ba ya iya gudu irin nasa na yau da kullum, sai dai ya riƙa daka tsalle yana nutsewa, yana sake yunƙurowa da ƙafafun baya. Tafiyar da ya saba yi cikin sauƙi a watan Oktoba sai ta zama ɗaruruwan tsalle a jere. Tsokar cinya ita ce mai taimakon jijiya wajen riƙe gwiwa. Idan tsoka ta gaji, nauyin ya koma kan jijiya ita kaɗai. Karen farauta kuwa ba ya sanin ya gaji muddin ƙamshin nama na hancinsa.

Wadda ta fi muni ita ce dusar da ta yi ɓawo. Rana ta ɗan narkar da samanta, ko ruwa ya sauka a kai, dare ya zo ya daskarar, sai a wayi gari da wani busasshen ɓawo a sama, ƙarƙashinsa kuma taushi. Mutanen Norwe da Suwidin suna da kalma ta musamman domin wannan ɓawo, skare, abin da ke nuna yadda ya shiga rayuwarsu. Ɓawon kan ɗauki kare taku uku ko huɗu, a na biyar ya ɓurma. Ƙafar baya ta nutse ta maƙale, gangar jiki kuwa tana ci gaba da gudu, ko kuma ta juya domin bin zomon da ya yi kwana. Ƙafa a kafe, jiki yana murɗawa: wannan shi ne ainihin motsin da jijiyar ba ta iya jurewa. Ƙari a kan haka, gefen ɓawon yana yanka fatar ƙafa kamar fasasshiyar kwalba, dusar kuma tana dunƙulewa tsakanin yatsun kare ta zama ƙananan duwatsun ƙanƙara da ke canza masa taku.

Akwai kuma laifin da ke wuyan mutane. Dokar Norwe ta wajabta ɗaure kare daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta, domin kare namun daji da tsuntsaye a lokacin haihuwa da ƙyanƙyasa. A Suwidin ma, daga 1 ga Maris zuwa 20 ga Agusta ba a barin kare ya yi yawo sakaka a daji. Doka ce mai ma'ana, amma maharbin da bai nemi wata hanyar motsa karensa ba, kamar ninƙaya ko gudu a gefen keke, zai shiga kaka da kare mai teɓa da sakakkiyar tsoka. Haka ma ma'aikacin da ke zaune a birni, karensa na kwance a ɗaki daga Litinin zuwa Juma'a, ran Asabar ya fito da shi daga bayan mota mai ɗumi ya sake shi kai tsaye cikin sanyin da ke ƙasa da sifili. Babu kocin da zai yi wa ɗan wasansa haka.

Alƙaluma mafi ƙarfi a kan wannan ciwo daga Suwidin suka fito, ƙasar da mafi yawan karnuka ke da inshorar lafiya. A 2021 masu bincike na jami'ar nazarin aikin gona ta ƙasar da ke Uppsala suka wallafa nazarin bayanan karnuka sama da 600,000 da kamfanin Agria ya yi wa inshora tsakanin 2011 da 2016. Manyan karnuka masu nauyi ne suka fi shiga haɗari, kuma wanda ya zo kan gaba shi ne Boerboel, ɗan asalin Afirka ta Kudu. Wannan suna ba baƙo ba ne ga mazauna Abuja, inda ake ajiye irin wannan kare yana gadi a bayan dogayen katangu, sau da yawa a ɗaure ko a keji, yana ci yana ƙiba. Bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma tayil mai santsi da tsalle daga bayan mota na iya yi masa abin da ɓawon ƙanƙara ke yi wa ɗan'uwansa na arewacin Turai.

Gano ciwon ba ya buƙatar manyan na'urori. Likita kan riƙe ƙashin cinya da hannu ɗaya, ƙwauri da ɗayan, ya gwada tura ƙwaurin gaba. Idan ya zame kamar aljihun tebur, jijiya ta tafi. Kafin a kai ga haka akwai alamun da maigida zai iya lura da su: ɗingishin da ke bayyana bayan hutu ya ɓace idan jiki ya yi ɗumi, zama da ƙafa ɗaya a miƙe gefe, nawa wajen hawa mota. Waɗannan kan nuna cewa jijiyar ta fara yagewa. Idan aka ci gaba da farauta a haka, gwiwar da ke girgiɗi kan murƙushe guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, daga nan kuma amosanin gaɓa ya zauna har ƙarshen rayuwa.

Maganin da ya fi karɓuwa ga manyan karnuka yana da ban mamaki, domin ba ya gyara jijiyar ko kaɗan. Wani likitan dabbobi Ba'amurke, Barclay Slocum na jihar Oregon, shi ne ya fito da tiyatar da ake kira TPLO, aka bayyana ta a 1993. Ana yanka saman ƙashin ƙwauri a zagaye, a juya shi har gangaren ya ragu zuwa kimanin digiri 5, sannan a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. Da gangaren ya kau, ƙwauri ya daina neman zamewa, gwiwa ta tsaya ba tare da jijiyar ba. Ƙashi kan ɗauki makonni 8 zuwa 12 kafin ya haɗe, komawa cikakken aiki kuma watanni huɗu zuwa shida. Ga kare mai farauta, wannan na nufin kakar bana ta wuce. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne: wani nazari da aka wallafa a 2005 ya ƙiyasta cewa masu karnuka a Amurka sun kashe dala biliyan 1.32 a kan wannan ciwo a shekarar 2003 kaɗai.

Gogaggun maharba ba sa kulle karnukansu don tsoron hunturu, domin zaman ma illa ne. Abin da suke yi shi ne duba dusar kafin su duba sawun nama. Sukan taka da ƙafa su ji: idan ɓawon yana ɗaukar nauyi wani wuri yana ɓurmawa wani wuri, ranar ba ta sakin kare ba ce. Motsa jini a kan yi shi a hanyar da babur ɗin ƙanƙara ko motar share hanya ta danne, inda ƙafa ke samun wurin dafawa. A kan fara da tafiyar mintuna goma zuwa sha biyar a igiya domin tsoka ta yi ɗumi, a aske gashin tsakanin yatsu, a rage tsawon farauta gwargwadon zurfin dusa, a kuma kira kare tun yana da sauran ƙarfi. Wanda ya fi duka wuya shi ne kwanon abinci. Kare mai ƙoshin lafiya ya kamata a ji haƙarƙarinsa da zarar an shafa gefensa, kuma a watannin da doka ta hana shi daji, abincinsa ma ya kamata ya ragu.